Haƙar kwal: mu sa ta a takardar buƙatunmu ko mu bar ta?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin da ke rubuta takardar buƙatun da za mu kai wa 'yan majalisarmu ya cije a batu na shida. Wasu na so a rubuta ƙarara cewa a daina ba da sabon lasisin haƙar kwal a Najeriya saboda sauyin yanayi. Wasu sun ce Kano ba ta da mahaƙar kwal ko ɗaya, don haka shiga sharo ba shanu ne. Masana a taimaka mana, amma da hujja.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. A fara da lissafi tukuna. Kowane tan ɗaya na kabon da aka ƙona yana fitar da tan 3.67 na iskar kabon dayoksaid da ke ɗumama duniya, saboda yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa nauyinsa ya ƙaru. Kwal irin namu, wanda kabon ɗinsa ke wajen kashi 60 cikin 100, tan ɗaya zai ba ka sama da tan 2. A tashar lantarki, kowane yunit ɗaya na wuta daga kwal yana zuwa da kusan kilo 1 na wannan iska, tashar gas ta zamani kuwa wajen giram 400.

Ku ɗauki tasha mai megawat 1,000 da ke aiki kashi 70 cikin 100 na shekara. Za ta ci kwal kusan tan miliyan 3, ta saki hayaƙi kusan tan miliyan 6. Idan tirela mai ɗaukar tan 30 za ta yi jigilar, sawu 100,000 ke nan a shekara, wato tirela 270 da 'yan kai kullum. Idan tokar kwal ɗin kashi 10 ce, akwai tan 300,000 na toka da za a nema wa mazubi duk shekara. Wannan kafin a zo kan iskar miten da ke maƙale a jikin kwal tana fita lokacin haƙa, wadda a cikin shekara 20 ta ninka kabon dayoksaid wajen riƙe zafi kusan sau 80.

Alhaji Ɗanlami: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ga na mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Tan ɗaya na kwal yana ɗauke da zafin da ya kai na dizal lita 600. A cire asarar tukunyar tururi da ake zuba wa kwal da shebur, wadda ba ta kai mai aiki da dizal tsimi ba, a ce lita 450. Dizal ya haura naira 1,000 lita. Ku yi lissafin da kanku. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma kai wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk mai tukunyar tururi sai ya waiwayi kwal ko itace. An fara aikin bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa nan, tun 2020, kuma shi muke ta zuba wa ido. To in kun hana kwal, da me za a dafa fata da man gyaɗa? Da itacen dajin Falgore?

Sannan a yi adalci. Afirka kakaf ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ingila ta yi sama da shekara 140 tana ƙona kwal don lantarki, sai ranar 30 ga Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe. Duniya na ƙona sama da tan biliyan 8 a shekara, Sin kaɗai na cin fiye da rabi. Mu da ko a lokacin da Inugu ke tashe, ƙarshen shekarun 1950, ba mu kai tan miliyan 1 a shekara ba, mu ne za mu ɗaure kanmu?

Dakta Hauwa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta adalci ba mai musa ta, shi ya sa ma nake ganin in aka rataya adawar nan a wuyan sauyin yanayi kaɗai, ba za ta yi nisa a ƙasar nan ba. Ɗan majalisa zai maimaita abin da ka faɗa ne ya sallame mu. Abin da ke da ƙarfi shi ne abin da ke faruwa a bakin rami.

Yawancin haƙar da ake yi yanzu, a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a Gombe da yankin Ankpa a Kogi, buɗaɗɗen rami ne. Ana yaye ƙasar sama, a kwashe duwatsun da ke bisa kwal a tara gefe, sannan a ɗebi kwal. Ɓarnar ruwa tana zuwa ta hanya biyu, kuma mutane na cakuɗa su.

Ta farko ƙafewa. Ramin ya fi rijiyoyin ƙauye zurfi, ruwan ƙasa yana gangarowa cikinsa, kamfani kuma dole ya riƙa zuƙe shi da famfo dare da rana don ya yi aiki. Sai matakin ruwa ya sauka a kewaye, rijiyar da ta fi kusa ita ke fara ƙafewa, daga nan da'irar ta yi ta faɗi.

Ta biyu tsami. A jikin kwal da duwatsun da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai haɗin ƙarfe da farar wuta, fairait. Muddin yana binne ba ya komai. Da an tono shi ya sha iska ya sha ruwan sama, sai ya koma irin sinadarin ruwan batir. Ma'aunin tsami na ruwan sha ya kamata ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, ruwan da ke fitowa daga tarin irin waɗannan duwatsu kuwa yana iya faɗowa 3. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, don haka 3 ya fi 7 tsami sau 10,000. Ruwa mai tsami haka yana narkar da ƙarfe da manganis da sauran ma'adinai masu guba ya tafi da su rafi. Alamar da ido ke gani ita ce dagwalo ja-ja mai kalar tsatsa a gindin rafi, da ɓacewar kifi da kwaɗi. Mafi muni, ba ya tsayawa ranar da aka rufe mahaƙa. Tsofaffin ramukan Inugu sun daɗe da daina aiki amma matsalar ruwan tsami ba ta tafi da ma'aikatan ba.

Injiniya Bala: Dakta, a ƙara da cewa kwal ɗin Najeriya galibi ba shi da farar wuta da yawa, kamfani zai kawo wannan a matsayin kariya.

Dakta Hauwa: Zai kawo, amma awon da yake nunawa na kwal ɗin da zai sayar ne. Abin tambaya shi ne duwatsun da zai zubar, waɗanda suka ninka kwal ɗin yawa. A nemi gwajin da ke nuna yawan tsamin da za su iya haifarwa da yawan abin da ke kashe tsamin a jikinsu. In babu wannan a rahoto, rahoton bai cika ba. Maganin kuma sananne ne: a ware duwatsu masu fairait a binne su can ƙasa a rufe da yumɓu, a tara ruwan ramin a tafkin tacewa a zuba masa farar ƙasa kafin a sake shi, a ajiye ƙasar noma ta sama daban don a mayar da ita in an cike ramin. Duk kuɗi ne, shi ya sa ake tsallakewa.

Barista Nura: Ranka ya daɗe Malam Sabi'u, kafin ku rubuta komai ku duba wa za ku kai wa. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya sa duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma majalisar tarayya kaɗai ke yin doka a kansu. Ɗan majalisar jiha ba shi da ikon soke lasisi ko hana shi. In kuka kai masa wannan buƙata zai karɓa a ɗauki hoto, shi ke nan.

Inda doka ta bar wa jama'a mariƙa guda uku ne. Dokar nazarin tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta wajabta rahoton wannan nazari, wato EIA, kafin a fara, kuma ana baje shi na kwana 21 na aiki don jama'a su yi ƙorafi. Nan ake yawan yin sakaci: sanarwa ta fita a jarida da Turanci, rahoto mai ɗaruruwan shafuka ya zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma, wa'adi ya cika ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ƙorafin baki a wajen taro ba ya shiga fayil. A rubuta, a kawo lambar shafin da ake ƙalubalanta, a miƙa kwafi biyu a sa a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a riƙe.

Na biyu, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin a fara aiki sai an ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma ana sake duba ta duk shekara 5. Abin da ke kashe ta shi ne kalmomi irin "kamfani zai yi ƙoƙarin samar da ruwa". Kotu ba ta da abin kamawa a nan. A rubuta rijiyar burtsatse nawa, zurfin mita nawa, a wace unguwa, zuwa wane wata, wa zai gyara in ta lalace. Kuma kada a bar sa hannu ga mutum biyu ko uku.

Na uku, dokar ta tanadi asusun gyaran muhalli da mai lasisi zai riƙa zuba wa kuɗi don cike rami bayan ya gama. Da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 za a iya rubuta wa ma'aikatar ma'adinai a tambayi nawa aka zuba, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa.

Abu Safwan: Barista, to wai akwai inda adawa ta taɓa tsayar da kwal, ko dai zanga-zanga ce kawai a watse?

Barista Nura: Akwai, ƙanena, kuma ka lura da inda aka ci nasarar. A Kenya an shirya tasha mai megawat 1,050 a Lamu. A Yunin 2019 kotun muhalli ta soke lasisinta, ba don ta ce kwal haramun ne ba, sai don ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta ce ba kuma nazarin bai cika ba. A Afirka ta Kudu, 2017, kotu ta ce ba daidai ba ne a amince da tashar Thabametsi ba tare da an auna tasirinta ga sauyin yanayi ba, daga baya aikin ya mutu. A Ingila gwamnati ta amince da sabuwar mahaƙa a Whitehaven a Disamban 2022, kotu ta rushe amincewar a Satumban 2024 saboda ba a lissafa hayaƙin da zai fita in an ƙona kwal ɗin ba.

Ka kwatanta da inda aka dogara da taron jama'a. A Jamus dubban mutane sun taru a ƙauyen Lützerath a Janairun 2023, 'yan sanda suka kwashe su aka rushe ƙauyen. A Ostireliya an shafe shekaru ana yaƙar mahaƙar Carmichael ta kamfanin Adani, ƙarshe ta fara fitar da kwal, sai dai an rage girmanta sosai kuma manyan bankuna sun guje ta.

Mu ma muna da ƙofa. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta na iya shigar da ƙara kan gurɓata muhalli ko da ba gonarta aka ɓata ba.

Malama Rabi: Ni ban yarda a jefar da hujjar sauyin yanayi ba. Gwamnati da kanta ta ɗaure kanta da ita. A taron sauyin yanayi na duniya, COP26, na Glasgow, 2021, Shugaba Buhari ya yi alkawarin kaiwa matakin da hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. Tashar kwal kuma ana gina ta ne don ta yi aiki shekara 40. Wadda aka kunna a 2030 za ta kai 2070. Ɗan majalisar tarayya na da hurumin tambayar minista yadda waɗannan biyun za su zauna inuwa ɗaya.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ya fi kowace zanga-zanga tasiri. A Satumban 2021 shugaban Sin ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sun daina gina tashoshin kwal a ƙasashen waje, su ne kuwa manyan masu ba da bashin. Tun zamanin Jonathan ake maganar samar da kashi 30 cikin 100 na wutarmu daga kwal, aka yi ta ambaton tashar Itobe a Kogi, ba ta tashi ba. Saboda haka kwal ɗin da ake haƙa yau masu siminti da masana'antu yake tafiya wa, ba lantarki ba.

Sannan mu ne a bakin Sahara. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024. Ko hayaƙinmu kaɗan ne, wanda zai je neman diyyar ɓarnar yanayi yana buɗe sababbin ramukan kwal ya raunana bakinsa.

Alhaji Ɗanlami: Malama, waɗanda suka bar kwal biyan su aka yi. Jamus ta sa 2038 a doka, ta ware wa yankunan mahaƙa kusan yuro biliyan 40. An yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5, yawanci ma bashi. Mu me aka ba mu? Ga Nijar nan maƙwabta, SONICHAR na haƙar kwal a Anu Araren kusa da Agadas tun farkon shekarun 1980, har suna gasa shi su sayar don girki saboda a rage sare itace. Buhun gawayin da ke shigowa Kano kullum daga daji yake fitowa, kuma sai an ƙona itace kilo 5 zuwa sama kafin a sami kilo 1. Ku hana kwal ku bar gawayi, an gudu ba a tsira ba.

Dakta Hauwa: Baba, a nan kam sai an yi hattara, don kada wani ya karanta ya sayo ɗanyen kwal ya kai kicin. Na Nijar gasasshe ne, an fitar da yawancin hayaƙinsa. Ɗanyen kwal a murhu yana fitar da hayaƙin farar wuta mai tayar da asma, da kwalta mai jawo sankarar huhu. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba suna cikin masu yawan sankarar huhu a duniya saboda girki da kwal a ɗaki. Ko gasasshen ma yana fitar da iskar nan mara wari da ke kashe masu kwana da janareta, don haka ba a shiga da shi ɗaki lokacin sanyi.

Kuma wannan ne ya dawo da mu Kano. Ba mu da rami, amma mu masu saye ne, kuma Sharaɗa da Bompai yanzu gidaje sun kewaye su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙurar nan mai laushi da ke shiga can cikin huhu kada ta wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini. Da hunturu hazo kaɗai ya ninka haka sau da yawa, kuma da asuba iska mai sanyi na danne hayaƙi a ƙasa ya hana shi tashi. Bututu gajere a irin wannan yanayi cikin gidajen mutane yake juye hayaƙinsa.

Injiniya Bala: Wannan kuwa ikon jiha ne, ma'aikatar muhalli tare da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Abin da za a nema a wurin duk mai ƙona kwal a cikin gari ba shi da wuya. Bututun hayaƙi ya zarce gine-ginen da ke kusa da shi. A sa matatar ƙura: mai juya iska kaɗai manyan ƙwayoyi take kamawa, mai laushin sai matatar buhu, wadda ke riƙe sama da kashi 99 cikin 100 in ba ta yage ba. Masu ita kan kashe ta da dare don tsimin wuta, saboda haka awon rana kaɗai bai isa ba. Toka a jiƙa ta a rufe, kada a zuba a kwata ko a sayar wa masu cike kududdufi, domin ma'adinai masu guba a cikinta suke taruwa. Tirela a rufe ta da tamfol.

Tarin kwal kuma yana kama wuta da kansa, musamman irin namu. Iska na shiga tsakaninsa ya yi ta ɗumi daga ciki. A daddanne shi, kada tsayinsa ya wuce mita 3, a fara amfani da tsohon kafin sabo, a riƙa soka ƙarfe ana auna zafin ciki. In ya haura digiri 60 a baje shi. Yayyafa masa ruwa kaɗan ƙara masa zafi yake yi.

Barista Nura: To ku raba batun gida biyu. Na 'yan majalisar jiha: rajistar masu ƙona kwal a cikin birni, sharuɗɗan da Injiniya ya lissafa, da awon iska da za a riƙa wallafawa. Na 'yan majalisar tarayya: kada a ba da sabon lasisi sai an nuna shaidar kuɗin cike rami, a riƙa fassara taƙaitaccen rahoton EIA da harshen mutanen wurin a karanta a rediyo, sannan a matsa kan kammala AKK da raba gas zuwa unguwannin masana'antu.

Malama Rabi: A ƙara da cewa kada a gina tashar lantarki ta kwal da kuɗin gwamnati ko lamuninta. In ba haka ba takardar ta zama ta gyaran kwal, ba ta adawa da shi ba.

Alhaji Ɗanlami: Wannan ba zan sa hannu a kai ba sai na ga gas a Challawa. Sauran na yarda, har da matatar, in za a ba da wa'adin shekara guda a kuma cire harajin shigo da ita.

Dakta Hauwa: Akwai abu ɗaya da ya kamata ya shiga, don shi ke kayar da ƙauyuka a kotu. Kamfani zai ce da ma can ruwanku haka yake. Ba yadda za a ƙaryata shi sai da awon da aka yi kafin zuwansa. A ɗebi ruwa a sama da wurin haƙa da ƙasa da shi, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, a kwalba mai tsabta da aka ɗauraye da ruwan wurin, a rubuta rana da wuri, a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin yini guda. A auna tsami, ƙarfe, manganis, dalma da asinik. Biyun ƙarshe kada su wuce miligiram 0.01 a lita. Zurfin ruwan rijiya kuma igiya da tef sun isa: duk farkon wata da asuba kafin a fara ɗiba, a auna daga bakin rijiya, a rubuta a littafi mai unguwa ya sa hannu.

Malam Sabi'u: Madalla, Allah ya saka da alheri. Barista da Dakta su haɗa rubutun su turo kafin Juma'a. Batun tashar lantarki da Malama Rabi da Alhaji suka saɓa a kai za mu kaɗa ƙuri'a ranar Asabar bayan la'asar.